Abin da zaman farko ya koya mini a jinya da kiɗa

Na shekara shida ina aikin gashin ƙashi a wani asibiti a Gusau kafin na samu zuwa wani ɗan gajeren kwas kan amfani da kiɗa da waƙa wajen jinya. A can aka shaida mana cewa fannin ya zama sana'a ne a Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, da likitoci suka lura da sauƙin da sojoji masu rauni ke samu idan makaɗa sun ziyarce su, kuma Jami'ar Jihar Michigan ce ta fara ba da digirinsa a 1944. Kwas ɗin bai mayar da ni ƙwararriya ba, ya dai ba ni abin da zan haɗa da aikina.

Tsarin karɓar sabon majinyaci ba shi da wuya a takarda. Likita ne yake turo shi, a zauna da shi da iyalinsa a san tarihin ciwon da irin sautin da ya saba ji, a rubuta abin da ake son cimmawa, ko tafiya ce ko magana ko samun barci, sannan a riƙa zama na rabin awa zuwa awa ɗaya, ana dubawa ko akwai ci gaba. Ba a bukatar ya iya kiɗa ko waƙa. Ni kuwa saboda ɗoki, sai na raina wannan zama na tambayoyi.

Wata mata da ta gudo daga ƙauyensu bayan harin 'yan bindiga ce ta nuna mini kuskurena. Na kunna mata kiɗan ganga a waya don ta daidaita takunta da shi, ban tambaye ta komai ba, sai jikinta ya hau rawa, ta rufe kunnuwa, kuma ba ta sake dawowa ba. Har yau abin yana damuna, domin tambaya ɗaya da ta ishe ni sanin abin da ƙara mai ƙarfi take tuna mata.

Tun daga nan ba na kunna komai a ranar farko. Ina kuma barin iyali su faɗi abin da ke ransu, saboda a nan ƙasar duk wanda ya ji an haɗa kiɗa da magani, garaya da goge na 'yan bori ne suke faɗo masa, wasu kuma ba su yarda da kayan kiɗa ba saboda addini. Ba na jayayya da su. Murya da tafi da ƙasida suna wadatarwa, kuma sau da yawa sun fi abin da ke cikin waya tasiri.

Haka aka yi da wata tsohuwa daga wajen Ƙauran Namoda wadda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana. Ɗanta ya ce, "Malama, in dai babu ganga, mun yarda." Na tambayi jikarta abin da tsohuwar take rerawa a da, ta ce waƙar daka. Na san cewa tun 1973 wasu masana a Boston suka bayyana yadda mai irin wannan ciwo kan iya rera kalmar da ya kasa furtawa, amma karatu daban, gani daban. Jikar ta fara, ina buga tafin hannuna a kan gado da saurin taɓarya, na ce, "Inna, karɓa mana." A zama na huɗu ta karɓi amshin, kalma biyu kacal, a karkace. Daga baya muka ɗora sunan jikar da kalmar "ruwa" a kan wannan karin, kuma da shi ta fara neman ruwan sha da bakinta.