Daga Dover zuwa Ramsgate: Ɗan Hutu a Gaɓar da Ke Kallon Faransa

Duk wanda ya sami ɗan hutu a Landan, kuma ya gaji da cunkoso da yawon kantuna, shawarata ita ce ya hau jirgin ƙasa a tashar St Pancras ya nufi Dover, can kusurwar kudu maso gabashin Ingila. Tafiyar sa'a guda ce da 'yan mintoci. A wannan yanki na Kent ne Ingila ta fi kusantar sauran ƙasashen Turai, domin ruwan da ke tsakanin Dover da gaɓar Faransa bai wuce kilomita 34 ba a inda ya fi ƙuntata, wato bai ma kai nisan Kano zuwa Wudil ba. Kusan duk abin da baƙo zai gani a wannan gaɓa, tun daga ganuwoyi da ramukan yaƙi har zuwa hasumiyar fitila da ƙananan garuruwan masunta, wannan kusanci ne ya haife shi, kuma mutum ba ya gane hakan sosai sai ya taka wurin da ƙafarsa.

Na fara da ganuwar Dover, wadda ke bisa tudu tana kallon tashar jiragen ruwa. Babban ginin da ke tsakiyarta Sarki Henry na Biyu ne ya gina shi a shekarun 1180, kuma a cikin harabar akwai ragowar wata hasumiya da Rumawa suka gina don haska wa jiragensu hanya, tun ƙarnoni da dama kafin a san da wata ƙasa mai suna Ingila. Duk wannan abin kallo ne, amma abin da ya kawo ni yana ƙarƙashin ƙasa. Tun daga 1797, lokacin da ake fargabar Faransa za ta kawo farmaki, aka fara haƙa ramuka a cikin dutsen allin da ganuwar ke kai domin a zaunar da sojoji, kuma waɗannan ramuka ne suka zama hedkwatar mayaƙan ruwa na yankin a Yaƙin Duniya na Biyu.

A watan Mayu na 1940 sojojin Jamus suka ratsa Faransa da saurin da ba wanda ya zata, suka tura sojojin Birtaniya da na Faransa da na Beljiyam har bakin teku a garin Dunkirk, gaba ruwa baya abokan gaba. Daga cikin ramukan Dover ne babban hafsan sojan ruwa Bertram Ramsay ya tsara aikin kwaso su, wanda aka sa wa suna Dynamo. Da farko ana ganin in an yi sa'a a tsirar da mutum 45,000, amma tsakanin 26 ga Mayu da 4 ga Yuni sai da aka haye da sojoji 338,226, cikinsu har da Faransawa fiye da dubu ɗari. Labarin da ya fi shahara shi ne na ƙananan kwale-kwalen masunta da na masu shaƙatawa da suka shiga aikin, kuma sun cancanci yabon da ake yi musu, sai dai mafi yawan sojojin manyan jiragen yaƙi da na fasinja ne suka ɗebe su daga wata doguwar katanga da ke tare igiyar ruwa a tashar Dunkirk.

Masu kula da wurin suna haska hotunan yaƙi a jikin bangon ramin, suna haɗawa da ƙarar jirage da ta bama-bamai, har ƙasa ta riƙa amsawa a ƙarƙashin ƙafa. Ni kam wannan bai taɓa ni kamar ɗakunan da aka bari shiru ba: tebura da taswirori, da allon haɗa wayar tarho mai ɗaruruwan ramuka da igiyoyi, da warin danshi da ba ya barin hanci. A irin waɗannan ɗakuna marasa taga mutane suka yi kwana da kwanaki ba barcin kirki, suna lissafin wane jirgi ya tafi, wane ya dawo, wane kuma aka daina jin ɗuriyarsa. A wani sashe na daban akwai asibitin da aka haƙa daga baya, da ɗakin tiyata da gadajensa na ƙarfe. Mu a gida mun fi sanin wannan yaƙi da sunan Yaƙin Hitila, kuma abin da ya rage a bakin dattawa shi ne labarin sojojinmu da aka kai Habasha da kuma Boma. A nan kuwa mutum yana ganin farkon al'amarin, lokacin da ita kanta Birtaniyar da ke mulkinmu take tsakanin mutuwa da rayuwa.

Washegari na kama hanyar ƙafa da ta bi ta kan fararen duwatsun nan da ake gani a hotuna. Ba duwatsu ba ne irin namu masu tauri, alli ne zalla, wanda ya taru daga ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa tun shekaru miliyoyi, kuma a wasu wurare tsayinsa daga ruwa ya haura mita 100. Idan ka duba jikinsa za ka ga baƙaƙen layuka na dutsen ƙyastu sun ratsa farin. Hanyar ta fara daga wani wurin karɓar baƙi da ke Langdon, kuma a farkonta hayaniyar tashar jirage tana biye da kai, da sanarwar lasifika da jerin manyan motocin kaya masu jiran hayewa, sai a hankali sautin ya dusashe, ya rage iska da kukan tsuntsayen teku. A mafi yawan wurare babu shinge tsakaninka da bakin gaɓa, kuma allin yana zubewa lokaci zuwa lokaci, saboda haka wanda ya matsa baki don ɗaukar hoto ya sayi wa kansa rigima. Idan an yi ruwa kuma, farar hanyar takan yi santsi ƙwarai, ta manne a takalmi.

Ranar da na bi hanyar sama ta washe, har ana hango gaɓar Faransa kamar farin zare a ƙarshen ruwa, ga manyan jiragen dakon kaya suna bin juna a tsakani, domin wannan mashigi yana cikin waɗanda suka fi cunkoson jirage a duniya. A wani wuri wayata ta yi ƙara, na duba sai na ga saƙon maraba da zuwa Faransa, agogonta ma ya tsallake sa'a guda gaba, alhali ƙafata tana kan ciyawar Ingila. Wannan ruwan ne kuma a 'yan shekarun nan dubban masu neman mafaka, cikinsu har da 'yan Sudan da Eritiriya, suke ƙetarowa cikin kwale-kwalen roba, kuma a watan Nuwamba na 2021 aƙalla mutum 27 suka halaka a cikinsa a dare ɗaya. Daga sama ruwan yana kama da abin da za a haye cikin sauƙi, kuma ina jin wannan ruɗin ido ya ci mutane da yawa.

Tsakanin Agusta na 1940 da Satumba na 1944 manyan igwa na Jamus da aka girke a gaɓar Faransa sun yi ta jefo harsasai a kan Dover da ƙauyukan kewaye. Jirgin sama ana iya hango shi a busa jiniya, amma harsashin igwa sai dai a ji saukarsa, kuma fararen hula fiye da 200 ne suka rasu a garin sanadin igwa da bama-bamai. Birtaniya ita ma ta girke nata igwa a kan waɗannan duwatsu, ta kuma haƙa wa masu sarrafa su mafaka a Fan Bay, mita 23 a ƙarƙashin ƙasa. An toshe wurin bayan yaƙi, sai a 2015 aka sake buɗe shi ga baƙi. Ana ba mutum hular kwano mai fitila a goshi, ya sauka matakala 125, ya tarar da dogayen ramuka da aka tallafe da ƙarfe, da rubuce-rubucen da sojoji suka ƙarta a jikin alli don kashe lokaci. A bakin ramin ta wajen teku akwai wasu manyan faifai biyu na kankare da suka girme shi, waɗanda aka gina domin su tattaro ƙarar jirgin sama daga nesa kafin a ƙirƙiro na'urar hango jirage.

Gaba kaɗan sai hasumiyar fitila ta South Foreland, kimanin kilomita uku daga mafarin hanya. An gina ta ne don gargaɗin jirage game da tudun rairayin Goodwin da ke ɓoye a cikin ruwa, wanda ya haɗiye jirage masu ɗimbin yawa, kuma a nan ne a 1858 aka fara gwada haska irin wannan hasumiya da lantarki. Akwai ɗakin shan shayi a gindinta, kuma mafi yawan mutane daga nan suke juyawa. A ganina kuskure ne, domin abin da ke gaba ya fi natsuwa: a gangara zuwa St Margaret's Bay, a sake haurawa a wuce dogon ginshiƙin tunawa da mayaƙan ruwan da suka tsare mashigin a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga nan duwatsun su yi ta raguwa har su ƙare a ƙauyen Kingsdown, inda hanya ta koma shimfiɗaɗɗiya a gefen tsakuwa. Daga Dover zuwa Deal gaba ɗaya kimanin kilomita 16 ne, kuma hawa da gangara sun sa ya fi yadda lissafin ya nuna gajiyarwa.

Kafin shiga Deal ana wuce ganuwar Walmer, ɗaya daga cikin waɗanda Sarki Henry na Takwas ya gina wajen 1540 saboda tsoron farmaki daga Turai, kuma a cikinta ne Wellington, wanda ya ci Napoleon da yaƙi, ya rasu a 1852. Shi kuwa Deal gari ne da ya kwanta mini a rai fiye da Dover, wanda yaƙi da titunan manyan motoci suka ɓata wa fuska. Ba shi da tashar jiragen ruwa, saboda haka masunta kan jawo kwale-kwalensu su ajiye a kan tsakuwa, kuma a bayan gidajen bakin ruwa akwai ƙananan lunguna da a da suka yi suna wajen fasa-ƙwauri. Gadar da ta shiga cikin teku, wadda mutane ke zama a kanta suna kamun kifi da ƙugiya, an buɗe ta ne a 1957, domin wadda ta gabace ta wani jirgin Holan da nakiya ta lalata ne ya afka mata a 1940. A nan na ci soyayyen kifi da dankali, bayan na tambayi mai shagon irin man da yake suya da shi da kuma ko akwai giya a ƙullin da ake tsoma kifin, tambayar da ya kamata Musulmi ya yi domin wasu shagunan suna zubawa. Wanda zai ci a waje kuma ya rufe takardarsa, don tsuntsayen wurin ba su da kunya ko kaɗan.

Ramsgate na je ta jirgin ƙasa, tafiyar ba ta da nisa. Daga tasharta ne da yawa daga cikin ƙananan kwale-kwalen Dunkirk suka tashi, cikinsu har da na Charles Lightoller, wanda ya taɓa zama jami'i a jirgin Titanic ya kuma tsira, kuma ya dawo da sojoji wajen 130 a cikin kwale-kwalen da ba a ƙera shi don ko kwatan hakan ba. Garin yana da nasa ramukan, amma waɗannan na talakawa ne: hukumar gari ce ta matsa wa gwamnati lamba har aka yarda aka haƙa su a 1939, aka haɗa da wani tsohon ramin jirgin ƙasa, ta yadda za su iya ɗaukar mutum 60,000. A ranar 24 ga Agusta 1940 jiragen Jamus suka zubo wa garin bama-bamai kimanin 500 cikin 'yan mintoci, amma waɗanda suka rasu kimanin 30 ne kawai, domin jama'a suna ƙasa. Iyalan da gidajensu suka rushe sun tare a ciki, suka raba wurin da labule da barguna, kowa da ɗan sashensa, kuma wannan ya fi ɗakunan hafsoshi na Dover kusa da abin da zan iya kwatantawa a raina.

Daga Ramsgate akwai gajeriyar hanyar ƙafa ta bakin gaɓa zuwa Broadstairs, ƙaramin gari mai rairayi mai laushi maimakon tsakuwa, inda iyalai ke kai yara wasa. Wanda zai yi wannan tafiya ya zaɓi tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, domin da hunturu ana rufe ramin Fan Bay, duhu kuma yana shiga tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ko da bazara ne ya riƙe rigar sanyi mai tare iska, ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya kuma duba ranakun buɗe kowane wuri a intanet tun kafin ya bar Landan.