Yashin Da Ke Cike Madatsun Ruwanmu

Duk wanda ke zaune a birnin Katsina ya san cewa da zarar bazara ta kama, kuɗin jarkar ruwa a hannun 'yan garuwa yakan hau, magidanci kuma ya fara lissafin ruwan wanka da na girki kamar yadda yake lissafin hatsi. Mutane sukan ce a gina sababbin madatsu, amma a ganina abin da ya fi gaggawa shi ne ceto waɗanda muke da su daga yashi da laka.

Madatsar Ajiwa, wadda birnin ya daɗe yana sha daga gare ta, an gina ta ne a shekarun 1970, lokacin da Katsina ba ta kai girmanta na yau ba ko kusa. Ta Zobe da ke Dutsin-Ma an kammala ta a 1983, ga kuma ta Jibiya da ta Sabke a ƙasar Daura. Kowace damina ruwa yana kwaso ƙasa daga gonaki da filayen da aka sare itatuwansu, ya zuba ta a cikin waɗannan madatsu, ta kwanta a ƙasa, har wurin da aka tanada domin ruwa ya ragu sannu a hankali ba tare da ido ya gani ba. Mai kallo daga bakin madatsa a watan Satumba zai ga ta cika taf, alhali zurfinta ya tafi.

Sauyin yanayi ya ƙara tsananta lamarin, domin ruwan sama yanzu yakan zo kamar da bakin ƙwarya cikin 'yan sa'o'i, sannan ya ɗauke na makonni. Ambaliyar da ta auka wa Jibiya a watan Yulin 2018, wadda ta ci rayukan mutane fiye da 40, ta nuna mana ƙarfinsa. Irin wannan ruwa gudu yake yi, ba ya samun damar nutsewa cikin ƙasa, ga shi kuma mun cike kududdufan unguwanni da dama mun yi gini a kansu, alhali su ne suke tare shi su shayar da rijiyoyi.

Rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana sun sauƙaƙa wa jama'a ƙwarai, sun raba su da kuɗin man injin. Sai dai kowa yana zuƙa ne daga ƙasa ɗaya, kuma idan ba a mayar mata da ruwa, masu haƙa za su ci gaba da ƙara zurfi, talaka kuma ba shi da halin wannan tsere.

Abin da nake fata shi ne a ware kuɗin yashe madatsu a kasafin kowace shekara, a dasa itatuwa a gaɓar kogunan da ke zuba a cikinsu, a gyara bututun da ke yoyo a tituna, a kuma hana sayar da sauran kududdufan a matsayin filayen gini. Masu unguwanni sun san inda kowane kududdufi yake, don haka da su ya kamata a fara ƙidayar waɗanda suka rage.