Inda na kai da akwatin tarwada: maganar ruwa

'Yan'uwa masu koyon wannan kiwo, akwatin gilashin da na haɗa don kiwon tarwada ya zauna a ɗaki, nesa da taga, kuma ƙananan tarwada sun shiga. Sauran aikin duk na ruwa ne, domin a Damagaram ruwa ba abin da ake zubarwa ba ne, kuma wanda bai tanadi na canji ba, bai kamata ya sayo kifi ba tukuna.

Ruwan famfo yana zuwa da kulorin, maganin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, wanda ke ƙona gaɓar da kifi ke numfashi da ita, saboda haka nakan zuba shi a randa, in bar bakinta a buɗe kwana ɗaya ko biyu kafin ya shiga akwati. Randar tana kuma sanyaya shi, abin da ke da muhimmanci a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, alhali tarwada ta fi sakewa tsakanin 26 da 30. A lokacin hunturu kuwa sanyin dare ne ke rage mata cin abinci, don haka za a lulluɓe akwatin da bargo.

Abin da na fi so ku kula da shi shi ne amoniya, wani sinadari mai dafi da ke taruwa a ruwan akwati. Mutane suna cewa tarwada ba ta mutuwa, domin tana iya haurowa ta shaƙi iska ko da ruwan ya lalace, amma wannan juriyar ita ce ke ɓoye cutar har sai fatarta ta fara gyambo, gashin bakinta ya lalace. Kashinta da ragowar abinci su ne ke zama amoniya, sannan wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin soson matatar da ke tace ruwan akwatin su mayar da ita wani abu mai sauƙin illa. Ƙwayoyin suna buƙatar makonni 4 zuwa 6 kafin su kafu, shi ya sa nake wanke soson da tsohon ruwan akwati kawai. Dafin amoniya yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi ko ya yi kanwa-kanwa, saboda haka mai amfani da ruwan rijiya ya auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya ga yana tsakanin 6.5 da 8.

Cika abin da zafi ya shanye ba canji ba ne, tunda gishirin da dattin suna nan. Ina kwashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako, in ba shukokin gida.

Na sa fasasshen tulu don su ɓuya, da murfi mai nauyi wanda ya bar sarari tsakaninsa da ruwa, domin tarwada tana tsalle. Mataki na gaba shi ne raba manya da ƙanana, tun kafin su fara cin junansu.