Yaron da ke tsoron mushe ba ya cewa bai gane ba

Duk shekara in sakamakon BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej, ya hito sai Maradi ta ɗauka, wani ya ce laihin gwamnati ne, wani ya ce waya ce ta lalata yara, wani kuma ya ɗora ma malaman kwantaragi. Kowa da gaskiyarshi. Amma akwai abu guda da ba mu cika taɓawa ba a fada, wato yadda ake zama tsakanin yaro da mushenshi, malaminshi ke nan, cikin aji.

Ku dubi ɗan CI, ajin hwarko na firamare, shekararshi 6 ko 7, ya tashi unguwar Bagalam ko Zariya nan Maradi, Hausa kaɗai yake ji, sai a zaunar da shi cikin aji cike maƙil, wani ajin ma na zana ne, a hwara mishi Faransanci. Yaron nan dole ya ɓace a hanya, kuma abin da zai cece shi kawai shi ne ya iya ɗaga hannu ya ce mushe ban gane ba. To in bulala na aje bisa tebur wa zai ɗaga? Shiru zai yi, ya kwahe abin da ke tablo cikin kaye tsaf kamar ya iya, ya wuce CP ya wuce CE da raminshi, har CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba ya iya karanta layi biyu. Binciken PASEC na 2014, mai auna ƙoƙarin 'yan lakwal a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya nuna a Nijar yaran ƙarshen firamare da suka kai matakin da ake so wajen karatu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Rashin littattafai na ciki, yajin aiki na ciki, amma wallahi ni na yarda tsoro ma na da babban kaso.

Ɗiyar yayata na da wata madam da ta sa na hwara wanga tunani. Yarinyar ta shiga fashin lakwal saboda talla, sai rannan da la'asar ga madam ta yi sallama da ƙurar alli a gyalenta, ta zauna bisa tabarma aka kawo mata ruwa, suka gaisa sosai tukun ta ce, "Yaya, ɗiyar nan taki tana da kai, ki bar min ita da sahe, tallan ta yi shi in an tashi." Yayata ta ce, "Malama, ai ban san kina lura da ita haka ba." Ba hwaɗa ba barazana. Tun daga nan yarinyar ita ke tashin uwarta da asuba kar ta makara, har lissahin da take gudu yanzu ta zauna da shi don kar madam ta ji kunya. A jihar da ake aurar da yara mata da wuri irin tamu, ziyara guda irin wagga na iya riƙe yarinya har kolej.

Kuma fa kar mu ɗora ma malamai duka. Mutum kuɗin wata sun makara, mai gidan haya na jiranshi, ga yara sun hi ƙarhinshi, sannan uban yaro ba ya taka ƙahwa lakwal sai ranar da aka taɓa ɗanshi, ya zo yana zagi gaban 'yan aji. Ta ina haƙuri zai hito? An kafa CGDES, kwamitin kula da tahiyar lakwal, da ƙungiyar iyaye mata ta AME don irin haka, amma in darakta ya kira taro sai ka ga benci wayam, waɗanda suka zo ma tambayar kuɗin da aka tara kawai ke kawo su.

Da yawanmu in aka tsare mu yanzu aka ce mu hwaɗi sunan mushen ɗanmu, sai mun aika an kira yaron daga waje an tambaye shi.