Fim ɗin dattijo da yaro da muke haɗawa

Kamfanina ƙarami ne, ofis ɗaya a Titin Gidan Zoo a Kano, da kyamara biyu da kwamfutar tace hoto. Na shigo sana'ar nan lokacin da Ƙofar Wambai ke yanke wa fim hukunci: in 'yan kasuwa suka ce faifanka ba zai tafi ba, to ka kwana da asara. Yau kasuwar ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, amma tambayar da ake mana ba ta canja ba: ina soyayyar, waƙa nawa ce a ciki?

Fim ɗin da ke hannunmu babu ko ɗaya. Labarin wani tsohon marini ne a Ƙofar Mata da yaro mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, ba dangin iya ba na baba, shaƙuwa ta shiga tsakaninsu.

Rubutun ne ya fi ba mu wuya. Da jikansa ne, da wasan kaka da jika ya ɗauke mana rabin aiki. Amma yaro mai tarbiyya ba ya kama sunan dattijo, ba ya haɗa ido da shi, sai ya durƙusa ya ce "Baba, barka da aiki." To ta ina mai kallo zai gane abota ce? Sai muka zuba ta cikin aiki. Tsohon ya fara aiken yaron, daga baya ya bar shi ya tsoma yadi a karofi, wanda bai taɓa yarje wa almajiransa sababbi ba. Ranar da ya turo masa kwanon tuwo ya ce "Matso, ɗan nan," nan labarin ya tsaya da ƙafarsa.

Irin wannan fim sauti ne jarinsa. Marina tana bakin titi, ga hon ɗin Adaidaita Sahu, ga mabuga suna ta bugu, dattijon jaruminmu kuma ba ya ɗaga murya, ni ma ban so ya ɗaga. Saboda haka da sassafe muke ɗauka, mu tashi kafin gari ya cika, kuɗin lokeshan na ƙaruwa.

Da mun gama tacewa za mu miƙa shi Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, sannan mu fara sakinsa kashi-kashi.