Kowa ya shiga da sunansa: abin da riƙon saba ya koya mini

"Don Allah ba ni root, minti biyar kawai zan yi." Duk wanda ya taɓa riƙon saba (server), wato babbar kwamfutar da mutane da yawa ke aiki a kanta daga nesa, ya sha jin wannan roƙo na a ba mutum root, asusun da ke da cikakken iko a kan na'urar, kuma galibin masu yinsa ba su da mugun nufi. Mutum ne yana sauri, fayil ya ƙi buɗuwa, kwamfuta ta ce ba shi da izini, aiki kuma na jiransa. Abin da ya fi zauna mini a rai a wannan sana'a shi ne, duk abin da aka yi a kan saba ya kamata a iya faɗin wanda ya yi shi. Sauran ƙa'idojin da nake bi duk daga nan suka tsiro.

Tun farkon shekarun 1960, lokacin da Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gina tsarin CTSS a jami'ar MIT ta Amurka don mutane da dama su raba kwamfuta ɗaya, aka ga dole kowa ya sami kalmar sirrinsa. Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs a 1969, shi ya shimfiɗa tsarin da Linux ya gada: kowane asusu da lambarsa, kowane fayil da mai shi da rukuninsa. Sunan da muke gani don mu ne, ita na'ura lamba ta sani. Lambar root ita ce 0, kuma ba ƙofar da ke rufe masa. Asusun mutane kuwa, a yawancin Linux na yau, daga 1000 suke farawa.

A wani wuri da na yi aiki, na tarar dukan masu rubuta manhaja da asusu ɗaya suke shiga, kalmar sirrinsa tana yawo a saƙonnin waya. Aka wayi gari jakar bayanan wani aiki babu ita. Muka buɗe tarihin umarnin asusun, sai ga abin a fili: wani ya so ya goge ƙaramar jaka da umarnin gogewa rm -rf bayanai/tsoho, amma tazara ta shiga tsakani, ya zama rm -rf bayanai /tsoho. Na'ura ta ɗauke su abu biyu, ta share babbar jakar baki ɗaya. Kundin shige da fice ya nuna lokacin da aka shiga, ya nuna adireshin da aka shigo ta kansa, sai dai adireshin na ofis ne, wanda kowa ke fita intanet da shi. An dawo da bayanan daga kwafin ajiya kafin a tashi aiki. Amma ido ya riga ya koma kan wani matashi sabon ɗauka, ba don komai ba sai don shi ne sabo. Babu mai hujjar cewa shi ne, shi ma ba shi da abin da zai wanke kansa. Ya daɗe yana aiki a ɗarare, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Shi ya sa in wani ya ce mini raba asusu alamar rashin yarda ce, nake ce masa asusunka shaidarka ne. Ranar da abu ya lalace, shi zai nuna ba ka nan.

Ta fannin shiga kuwa, SSH ne ƙofa, wato tsarin shiga saba daga nesa ta hanyar da ke ɓoye bayanai. Tatu Ylönen ɗan ƙasar Finlan ya ƙirƙiro shi a 1995, bayan an saci kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsa, a zamanin da ake aika su tsirara ba tare da ɓoyewa ba. In sabarka na fuskantar intanet, ka leƙa kundin shige da fice, wato /var/log/auth.log a Ubuntu, ko /var/log/secure a dangin Red Hat. Za ka ga layi bayan layi na na'urorin da ke ƙwanƙwasa ƙofa ta 22 dare da rana, suna gwada root, admin, test da makamantansu. Don haka layi biyu nake fara gyarawa a sshd_config, fayil ɗin saitin SSH: PermitRootLogin no, mai hana root shiga kai tsaye, da PasswordAuthentication no, mai hana shiga da kalmar sirri. Daga nan sai da makulli. Makullin tagwaye ne: na fili shi ake sa wa a fayil ɗin authorized_keys na sabar, na sirri kuma ba ya barin kwamfutar mai shi. An sha turo mini na sirrin bisa kuskure. Ba na faɗa, amma ba na karɓa. Sai in ce a haɗa sabo, don makullin da ya bi ta saƙo ya tashi daga sirri. Wani abu kuma da nake nanata wa duk wanda nake koya wa: in za ka taɓa sshd_config, ka bar taga ɗaya a buɗe kana ciki, ka gwada saitin da sshd -t, ka shiga ta sabuwar taga, sannan ka rufe tsohuwar. Harafi ɗaya ya isa ya kulle kowa a waje.

Tilasta canza kalmar sirri duk wata kuwa na daina ganin amfaninsa. Mutane lamba ɗaya kawai suke ƙarawa a ƙarshe. Hukumar NIST ta Amurka ma a 2017 ta ba da shawarar a bar wannan al'ada, sai in akwai alamar kalmar ta fallasa.

Mai neman root, amsarsa sudo ce, umarnin da ke ba mutum damar yin aikin root daga asusunsa, don yana rubuta wanda ya ba da umarni da abin da ya umarta da lokacin. Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun rubuta ƙa'idar tun 1975: a ba kowa iko daidai gwargwadon aikinsa. Faɗa da sauƙi, aiwatarwa ke da ramuka. Ka ba mutum izinin buɗe fayil ɗaya da sudo vi, kana ganin ka taƙaita shi, alhali daga cikin vi, manhajar gyara rubutu, zai iya buɗe tagar umarni yana root. Sudoedit aka yi don toshe wannan. Ka sa mutum a rukunin docker don ya tada kwantenarsa, wato keɓaɓɓen wurin da manhaja ke gudana a ciki, ka ba shi sabar ke nan dungurungum, domin zai iya ɗora kowace jaka ta na'urar a cikin kwantena ya yi yadda ya so. Irin waɗannan ba sa ƙara, ba sa nuna jan rubutu, suna nan kwance har ranar da wani zai taka su.

Sai dai fa maƙo da izini shi ma ɓarna ne. Mai kula da saba da ke barin mutane kwana da kwanaki suna jiran amsa, shi ke koya musu bin ɓarauniyar hanya. A nan chmod 777, umarnin sauya izinin fayil, ke shigowa. Lissafinsa ɗan kaɗan ne: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, a haɗa su 7; lamba ta farko ta mai fayil, ta biyu ta rukuni, ta uku ta kowa da kowa. Wanda ya sa 777 ya ce duk mai asusu a sabar, har manhajar shafin intanet da wani zai iya kutsawa ta cikinta, yana iya sauya fayil ɗin. Duk inda na ga 777, na san akwai buƙata ta gaskiya da ba a biya ba. Maganinta rukuni: a haɗa masu aikin a rukuni ɗaya, a ba jakar 2770, wannan 2 na gaba ya sa duk sabon fayil ya gaji rukunin jakar. A kuma gaya musu su fita su sake shiga, don sabon rukuni ba ya kama zaman da aka riga aka buɗe. Rashin faɗin wannan kaɗai ya sa mutane da yawa sun ɗauka gyaran bai yi ba.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne ranar da mutum zai tafi. Buɗe asusu akwai mai tuna maka, don yana tsaye a kanka. Rufewa babu mai tunawa. Kamar ɗan haya ne da ya tashi: karɓar makullin da ya miƙo bai isa ba, sai an san kwafi nawa ya yanka. Umarnin kulle asusu na passwd -l alamar motsin rai (!) kawai yake sakawa a gaban kalmar sirri a /etc/shadow, fayil ɗin da ke ajiye kalmomin sirri. A yawancin saiti, mai makullin SSH zai ci gaba da shiga abinsa. Sai an ƙarar da wa'adin asusun da chage -E 0, an cire makullansa, an kuma duba ko ya bar wani zama a buɗe, don kulle asusu ba ya korar wanda ke ciki. Sannan a bi asusun manhajoji ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa ya taɓa ajiye makullinsa a can wata rana da yake sauri. Wannan ne dalilin da ba na yarda da makullin da ba a rubuta sunan mai shi a ƙarshen layinsa ba.

Gogewa kuma ba na gaggawarta. Wani lokaci aikin cron, wato aikin da na'ura ke yi da kanta a kan lokaci, da ke ɗaukar kwafin ajiya kullum dare a asusun wanda ya tafi yake rataye; ka goge asusun, kwafi ya tsaya shiru ba wanda ya sani. Ga kuma batun lamba: fayilolinsa da ke warwatse suna nan ɗauke da lambarsa, in aka ba sabon ma'aikaci wannan lamba, ya mallake su duka ba tare da kowa ya yi niyya ba. Kafin gogewa nakan bi sawunsu da umarnin bincike na find, in miƙa su ga wanda zai ci gaba da aikin, bayan gogewa in sake neman fayilolin da ba su da mai su da -nouser.

Wanda ya sauya sashe bai bar aiki ba ma yana buƙatar irin wannan kulawa, don rukunai taruwa suke yi a kansa, ana ƙara sabo ba a cire tsoho. Asusun baƙo ko ɗan kwangila, ranar da na buɗe shi nake sa masa ranar ƙarewa. Sauran kuwa, lokaci-lokaci nakan fitar da jerin sunaye da rukunansu in kai wa shugaban kowane sashe, mu zauna mu bi su suna bayan suna, yana ce mini wannan yana nan, wannan ya koma wani aiki, wancan ya daɗe da tafiya.