Furosesa sabon zubi, fanka ƙarama, ga zafin Garwa

Ryzen 5 1600, furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) ta kamfanin AMD, iri biyu ne, ko da yake ba kowane mai sayarwa zai faɗa maka ba. Akwai na farko da AMD ta fitar a 2017, akwai kuma sabon zubi da ya shigo kasuwa a ƙarshen 2019, wanda ake kira AF saboda lambar da ke jikin kwalinsa, YD1600BBAFBOX. Na farkon YD1600BBAEBOX ne, wato AE. Sunansu ɗaya, cibiya shida-shida, gudunsu daga 3.2 zuwa 3.6 GHz, kuma dukansu wat 65 aka rubuta musu, wato ma'aunin zafin da fanka za ta kwashe. Sai dai AF a kan nanomita 12 aka ƙera shi, ba 14 ba, kusan a ce Ryzen 5 2600 ne aka ɗan rage masa gudu da farashi. Shi ya sa da na tashi haɗa kwamfuta ta biyu a shagona na haɗa bidiyon biki da ke Garwa ta Kamaru, na ce wa dillalina na Duwala AF nake so, in babu shi a bari.

Kaya suka iso ta Ngaundere, na buɗe kwali, sai na ga fankar ba irin ta tsohuwar kwamfutar da ƙanena ke aiki da ita ba ce. Waccan mai AE da Wraith Spire ta zo, ƙarfenta dogo ne, akwai jan ƙarfe a tsakiya inda yake taɓa furosesa. Wannan kuwa Wraith Stealth ce, gajera, alminiyam zalla, in ka ɗauka a hannu ba ka jin nauyin kirki. Na kira mutumin na faɗa masa, ya ce, "Haba Malam, ai duk wat 65 ne, sabon ma ya fi sanyi. Ɗaura kawai." Wannan "wat 65 ne" ɗin har yau ina jin ta a kunnena.

A cikin sanyin Janairu na haɗa ta. Ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan, zafinta a HWiNFO, manhajar duba zafi, bai fi digiri 70 da ɗoriya ba ko ana fitar da bidiyo, kuma ta fi tsohuwar sauri. Na yi ta yabonta a gaban abokai.

Sai Afrilu ya zo. Wanda ya san Garwa ya san me nake nufi: zafi ya haura 40 a inuwa, shago rufin kwano, fankar sama iska mai zafi kawai take juyawa. Ina da aikin wata Hajiya da ta aurar da 'yarta, dangi sun zo daga Marwa za su koma washegari da asuba, tana son kowa ya tafi da bidiyon a filashi. Na gama yankawa bayan azahar, na sa a fitar, ina lissafin kafin la'asar an gama. Sai na ga lokacin da ya rage, maimakon ya ragu, ƙaruwa yake yi. Ƙaramar fankar nan tana ta ihu iya ƙarfinta. Da na duba, zafi ya tsaya cak a kan 95, gudun kuma ya faɗo ƙasa da 3 GHz. Haka aka yi furosesar, in ta kai digiri 95 sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Ba ta mutu ba, ba ta lalace ba, tafiyar hawainiya kawai ta koma yi. Ana dab da magariba wuta ta tafi, batirin ajiya ya riƙe na 'yan mintoci ya saki, aikin da ya kusa kammala ya tafi gaba ɗaya. Wutar ba ta dawo ba sai da gari ya waye.

"Hajiya, don Allah ki yi haƙuri," shi ne abin da na iya faɗa. Ta ce, "Ɗana, ba komai," amma na mayar da wani abu daga kuɗin, na biya kuɗin mota aka kai filasan Marwa daga baya, kuma bikin ƙanwar amaryar wani aka ba. Wannan ya fi kuɗin ciwo.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tsohuwar kwamfutar da ke gefe, mai furosesar da aka ce ta fi zafi, a ɗaki ɗaya da iska ɗaya, tana aikinta ba ta kai 90 ba. Bambancin kawai girman ƙarfen da ke kanta. Daga nan na fahimci cewa fanka ba ta ƙirƙiro sanyi, iskar ɗakin take hurawa a kan ƙarfe, don haka zafin furosesa shi ne zafin ɗaki a haɗa da abin da ƙarfen ya kasa kwashewa. Masu gwaji a Turai da Amurka a ɗakunan da ba su fi digiri 22 ko 23 ba suke aunawa. In can ta nuna 72, ke nan ta ɗara ɗaki da kusan 50. Ɗora 50 ɗin a kan 43 na shagona, ka ga an kusa 95 tun ba a yi maganar iskar da ta maƙale a cikin akwati ba. Ban ga laifin kamfanin ba, fankar ta isa aikinta a ɗaki mai sanyi. Haushina na kan wanda ya san inda kayan za su, ya kuma ce mini wat 65 ne. Wat 65 ba ya gaya maka a wane gari za a kunna na'urar.

Ga kuma ƙurar hunturu. Da na kwance fankar, tsakanin haƙoran alminiyam ɗin ƙura ta dunƙule ta yi kauri, ja-ja, sai da na sa tsinke na ɗago ta falle guda. Wata uku kacal da haɗawa.

Na sayi dogon ƙarfen sanyaya mai bututun jan ƙarfe huɗu da fanka mai milimita 120. Kafin ka saya ka tabbata akwai maƙalar AM4 (irin soket ɗin da wannan furosesa ke zama a kai) a cikin kwalin, ka kuma auna faɗin akwatinka, don irin waɗannan tsayinsu kan kai wajen santimita 15 zuwa 16, ƙananan akwatuna ba sa rufuwa a kansu. Wajen cire tsohuwar fanka kada ka fizge ta da sanyinta. Man da ke tsakanin ƙarfen da furosesa yana kamawa, sai furosesar ta biyo ƙarfen ta fito daga soket, ga ƙafafu 1331 sirara a ƙarƙashinta, ɗaya ta lanƙwashe ka shiga uku. Ka bar na'urar ta yi aiki ta ɗumama, ka kashe, ka sassauta sukurori, ka ɗan murɗa hagu da dama sannan ka ɗaga. Na goge tsohon man tas, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, na ƙara fanka biyu a gaba masu jawo iska da ɗaya a baya mai fitarwa, na kuma ɗauke akwatin daga ƙasa na ɗora a kan tebur nesa da bango.

Yanzu ko da rana tsaka a Afrilu tana wajen 78 zuwa 80, gudunta bai sake faɗuwa ba. Har yau ina son AF ɗin, in na samu wata zan saya, amma kuɗin ƙarfen sanyaya a cikin kuɗinta nake lissafa shi tun daga farko. Duk wanda ya haɗa kwamfuta a Disamba ko Janairu ya zo yana nuna mini 70, sai in ce masa ya ƙara 15 a kai ya ga ko har yanzu hankalinsa a kwance yake. Duk Juma'a kafin mu tafi masallaci ƙanena yana fitar da akwatunan biyu waje ya hure su da bulowa, yana riƙe fankokin da yatsa don kada su juya. Manyan ayyuka kuwa na daina fitar da su da rana, sai bayan asuba, lokacin da kwanon rufi bai ɗau zafi ba.